Silsilar Masu Busa Sofarano

Ko da yake Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi rajistar dangin kayan busa masu ɗauke da sunansa a birnin Faris tun 1846, miƙaƙƙiyar nan mai siririyar murya da ake kira sofarano ta daɗe ba ta sami mai riƙo ba, domin sautinta ba ya tsayawa inda aka ajiye shi sai mabushi ya sha wahala da leɓe da numfashi. Sidney Bechet na New Orleans shi ne ya fara hore ta a kiɗan jaz, bayan ya saye ta a Landan wajen 1920. Amma har ya rasu a Faransa a 1959, kaɗan ne suka yi taƙlidi da shi.

Daga cikin kaɗan ɗin akwai Steve Lacy, wanda jin Bechet ya ja shi ga wannan fanni, sa'an nan ya yi kiɗa tare da Cecil Taylor da Thelonious Monk, har ya kai ga tsayawa shi kaɗai gaban jama'a a Avignon a 1972, ba ganga, ba rakiya, yana ƙirƙira nan take. Sai dai shuhurar tasa ba ta kai ta John Coltrane ba, wanda ya ɗauki waƙar “My Favorite Things” da sofarano a 1960, kuma a watan Nuwamba na 1961, a ɗakin kiɗa na Village Vanguard da ke New York, ya riƙa tsawaita busa a kan amo guda bisa tafarkin mutanen Hindu, kuma wani mai sharhi na mujallar Down Beat ya yi fatawa a shekarar cewa abin da Coltrane ke yi kishiyar jaz ne. A ganina, wannan gardama ce ta tsakanin ma'abota ƙa'ida da masu ijtihadi, kuma aibin da aka ɗora wa sofarano, wato karkacewar murya, shi ne ainihin abin da masu ijtihadin suke nema, saboda yana buɗe musu sautukan da ke tsakanin matakan da Turawa suka ƙayyade.

Bayansu Evan Parker na Ingila ya ƙara da dabarar shaƙar iska ta hanci alhali kumatu na tura wata, yadda busa za ta yi mintuna masu yawa ba yankewa. Wannan dabara kuwa masu algaita na fadar sarakunanmu sun gaje ta tun kaka da kakanni, ba su kira ta sabon abu ba.