Jami'ar Liberty ta Amurka: Ƙwallo, Kuɗi da Dokar Makarantar Coci



Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san cewa tun daga 1999, lokacin da gwamnati ta fara bai wa jami'o'i masu zaman kansu lasisi, coci-coci ne suka fi kowa saurin shiga fagen. Ga Babcock a Ilishan, ga Covenant a Ota, ga Bowen a Iwo. Musulmi ma sun biyo baya da irin su Al-Hikmah a Ilori da Crescent a Abekuta. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: ta wace hanya makarantar addini take yin suna a idon waɗanda ba mabiyanta ba, kuma me take bayarwa kafin ta samu sunan? Don haka yau zan ɗauki mai karatu zuwa Amurka, inda wata jami'ar coci ta zaɓi filin wasa ya zama hanyarta, ta bi hanyar nan shekara hamsin, har muna iya ganin inda ta kai ta.

Sunanta Jami'ar Liberty, tana garin Lynchburg a jihar Bajiniya. Wanda ya kafa ta wani fasto ne ɗan ɗarikar Baptist mai suna Jerry Falwell, wanda ya buɗe cocinsa a 1956 da mutum 35, a wani tsohon gini da a da ake ɗura lemon kwalba. Allah ya yi shi da iya magana, kuma tun da wuri ya gane amfanin rediyo da talabijin, ta nan ya tara mabiya da gudummawa daga ko'ina cikin ƙasar. A 1971 ya buɗe kwaleji da ɗalibai 154. Babu harabar kirki. Ana karatu a ɗakunan coci, wasu ɗalibai na kwana a wani tsohon otal a cikin gari, wasu a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin James. Sai a 1985 makarantar ta karɓi sunan jami'a.

Na san wasu da jin sunan Falwell za su tuna 2002, lokacin da ya yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a talabijin, abin da ya jawo tarzoma har a Indiya kafin ya fito ya ba da haƙuri. Shi ne dai. Kawo tarihin makarantarsa ba yabonsa ba ne.

To me ya haɗa fasto da ƙwallo? Falwell yana ganin manyan 'yan boko na Amurka sun raina mutanensa, suna yi musu kallon ƙauyawa masu tsattsauran ra'ayi. Ya kuma lura cewa 'yan Katolika, waɗanda su ma an taɓa yi musu irin wannan raini, sun samu abin alfahari a Jami'ar Notre Dame, wadda ƙungiyarta ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta yi tashe a faɗin ƙasar. Haka 'yan ɗarikar Mormon suke da Jami'ar Brigham Young. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa burinsa Liberty ta zama wa mabiya irin aƙidarsa abin da waɗannan biyun suka zama wa nasu. Lissafin mai sauƙi ne. Mutumin da ba zai taɓa zama ya saurari wa'azi ba, zai zauna awa uku ranar Asabar yana kallon wasa, kuma duk tsawon lokacin sunan makarantar na gabansa.

Sai dai a fahimci cewa wasan jami'o'i a can ba irin NUGA ɗinmu ba ne, da ake haɗuwa a yi 'yan kwanaki a watse. Kasuwa ce babba. Akwai jami'o'in da filin wasansu ke ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, kuma a jihohi da yawa mai horar da 'yan wasan jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Hukumar da ke kula da harkar, wato NCAA, ta kasa makarantu aji-aji, kuma hawa daga wani aji zuwa na sama sai da kuɗi.

Liberty ta fara daga can ƙasa. A 1973 ta haɗa ƙungiyar zari-ruga ta farko, suna karawa da ƙananan makarantu, kuma kafin shekarar ta ƙare mai horar da su, Lee Royer, ya mutu a haɗarin jirgin sama. A tsibirin nan suke atisaye, har ambaliyar 1985 ta share wurin da kayan da ke ciki. Duk da haka a 1988 suka shiga rukuni na ɗaya, amma a ɓangarensa na ƙasa. A 1989 Falwell ya ɗauko Sam Rutigliano, wanda ya taɓa horar da ƙwararrun ƙungiyar Cleveland Browns, aka kuma buɗe sabon fili mai kujeru 12,000. A 1994 'yan ƙwallon kwando suka samu shiga babbar gasar ƙasa karon farko, North Carolina ta fitar da su a wasan farko.

Ana wannan, asusu na ta zubewa. Makarantar ta dogara ne da gudummawar masu kallon talabijin, sai ga abin kunyar da ya faɗa wa masu wa'azin talabijin Jim Bakker a 1987 da Jimmy Swaggart a 1988, jama'a suka janye hannu daga kowa. A farkon shekarun 1990 bashin ya haura dala miliyan 100, har hukumar tantance jami'o'i ta sa mata ido. Wasu attajirai ne suka riƙa tallafe ta. Bashin bai gama biyuwa ba sai da Falwell ya mutu a watan Mayun 2007, aka karɓi kuɗin inshorar rayuwarsa dala miliyan 34, mafi yawansu suka tafi ga jami'ar.

A waɗannan shekaru na talauci ne wani ɗan ƙasarmu ya ratsa makarantar, kuma labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya. Samkon Gado an haife shi a 1982 a Kufai, cikin jihar Gombe ta yanzu, iyayensa suka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara tara. Mahaifinsa, Rabaran Jeremiah Gado, shi ne daga baya ya shugabanci ECWA. Samkon ya yi shekara huɗu a ƙungiyar Liberty, amma wasa biyu kacal aka fara da shi, sauran duk daga benci yake tasowa. Babu ƙungiyar ƙwararru da ta zaɓe shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Sai a 2005 'yan wasan Green Bay Packers suka yi ta jin rauni ɗaya bayan ɗaya, har layi ya zo kansa. Ranar 13 ga Nuwamba, wadda ta dace da ranar haihuwarsa, ya ci sau uku a wasa da Atlanta, Amurka duka ta ɗauki sunansa. Bayan 'yan shekaru ya ajiye ƙwallo ya koma makarantar likitanci, ya zama likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma ya sha faɗa cewa burinsa ya yi wa mutanen Najeriya aiki. A ganina, cikin duk waɗanda ƙungiyar ta fitar, shi ne ya fi kama da abin da makarantar ke cewa an kafa ta dominsa.

Rayuwar da irin su Samkon suka tarar a harabar ba za ta zama baƙuwa ga wanda ɗansa ke Ota ko Ilishan ba. Akwai littafin dokoki da ake sa wa hannu. A shekarun 2000, ƙarfe goma sha biyun dare kowa ya kasance a ɗaki, ana bi ana dubawa. Babu giya, babu rawa, babu fina-finan batsa ko masu kama da su, namiji ba ya shiga ɗakin kwanan mata, saurayi da budurwa iyakarsu riƙe hannu. Kowane laifi da makinsa da tararsa, manya kamar shan giya har dala 500. Sau uku a mako dole ɗalibai su hallara a babban zaure a yi addu'a a saurari baƙo (yanzu an mayar da shi sau biyu). Wani ɗalibin Jami'ar Brown, Kevin Roose, ya shiga makarantar a 2007 ya yi zango ɗaya ba tare da ya bayyana manufarsa ba, ya fito ya rubuta littafi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne bai zage su ba. Ya ce ya tarar da samari masu fara'a da son juna, masu shakku da tambayoyi kamar kowa. Iyaye da yawa saboda waɗannan dokoki suke biyan kuɗin, kamar yadda wasunmu ke yi a nan: a tsare min yaro.

To daga ina arziki ya zo? Tun 1985 makarantar ke aika wa mutane darussa a kaset ɗin bidiyo ta gidan waya. Da intanet mai sauri ya shiga gidaje, ɗan marigayin, Jerry ƙarami, wanda lauya ne ba fasto ba, ya mayar da abin babbar sana'a. Cikin 'yan shekaru jimillar ɗalibai ta haura dubu ɗari, alhali waɗanda ke zaune a harabar ba su wuce dubu goma sha biyar ko sha shida ba. Sauran sojoji ne, da matan aure, da ma'aikata masu karatu da daddare, yawancinsu da bashin karatu na gwamnatin tarayya. A 2017 kaɗai, tallafi da bashin da ɗalibanta suka karɓa daga ma'aikatar ilimi ya haura dala miliyan 770. Koyar da mutum ta kwamfuta ba shi da tsada, don haka rarar ta yi yawa, kuma da ita aka sake gina harabar: ɗakin karatu, hasumiya, har da gangaren wasan ƙanƙara na roba da ake zamewa a kai ko da bazara. Wato matar da ke karatu a ɗakin girkinta a wata jiha mai nisa, wadda wataƙila ba za ta taɓa taka Lynchburg ba, ita ce ta sayi fitilun filin wasan.

Da kuɗi suka samu, sai aka koma kan tsohon buri. Matsalar ita ce ƙa'ida ta ce sai wata ƙungiyar jami'o'i ta gayyace ka kafin ka hau babban aji, kuma babu wadda ta gayyaci Liberty. A 2017 NCAA ta ɗage mata wannan sharaɗi. A watan Satumban shekarar ta je har gida ta doke Baylor, babbar jami'ar 'yan Baptist, da ci 48 da 45. Aka faɗaɗa fili zuwa kujeru 25,000, aka biya Jami'ar Old Dominion dala miliyan 1.32 don kawai ta zo wasan buɗe kakar 2018. A 2022 suka lallasa Brigham Young ɗin nan da Falwell ke kwatance da ita, 41 da 14.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da irin mutanen da aka ɗauko domin wannan aiki. A ƙarshen 2016 aka naɗa Ian McCaw shugaban sashen wasanni, watanni kaɗan bayan ya bar Baylor sakamakon binciken yadda aka yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da suka shafi 'yan wasa. A ƙarshen 2018 aka ɗauko Hugh Freeze ya zama mai horarwa, wanda ya ajiye aiki a Jami'ar Mississippi a 2017 bayan an gano kiran da ya yi da wayar ofis zuwa lambar masu haɗa maza da mata masu zaman kansu. Hujjar makarantar ita ce addininsu addinin yafiya ne, kuma mai tuba ba a rufe masa ƙofa. Babu mai musun wannan. Amma ɗalibar da aka ci tara don an gan ta inda ake shan giya tana da damar tambaya, me ya sa yafiyar ta fi saurin isa ga wanda ya iya cin wasa?

Shi kansa Jerry ƙarami bai tsaya a harkar makaranta ba. A Disambar 2015, bayan harin San Bernardino, ya tsaya gaban dubban ɗalibai ya ce su nemi lasisin riƙe bindiga, ya kuma ambaci Musulmi ta hanyar da ta jawo masa suka daga ko'ina. A farkon 2016 ya goyi bayan Donald Trump. A 2020 wani hoto da ya wallafa mai taɓa tarihin wariyar launin fata ya sa wasu ma'aikata baƙaƙen fata suka ajiye aiki, wasu 'yan wasa suka nemi canjin makaranta, abin da ya nuna cewa ƙungiyar da ake taƙama da ita ta dogara ne da yaran da ba lallai su yarda da siyasar mai gidan ba. A watan Agustan wannan shekara shi ma ya sauka, bayan abin kunya da ya shafi gidansa, irin wanda da ɗalibi ne ya yi da tuni an sallame shi.

A 2021 mata goma sha biyu suka kai jami'ar kotu, suna cewa sun kai ƙarar cin zarafi amma sai aka juya littafin dokokin a kansu, ana tambayar me suka sha, me ya kai su wurin. An sasanta da yawancinsu a 2022, amma ma'aikatar ilimi ta ci gaba da nata binciken.

A 2023 Liberty ta samu shiga wata ƙungiyar jami'o'i, ta ci wasanninta goma sha uku ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, aka gayyace ta ɗaya daga cikin manyan wasannin sabuwar shekara, wanda ake kira Fiesta Bowl. Ranar 1 ga Janairun 2024 miliyoyin mutane suka kalli sunan makarantar a talabijin, shekara hamsin bayan atisayen tsibiri. Su suka fara ci, daga nan Oregon ta zuba musu 45 suna da 6. Wata biyu bayan haka, a watan Maris, ma'aikatar ilimi ta ci jami'ar tarar dala miliyan 14 saboda ɓoye alƙaluman laifuka a harabarta da kuma tsoratar da waɗanda aka ci zarafinsu daga kai ƙara. Kafin nan, tara mafi girma da aka taɓa yi a ƙarƙashin wannan doka ita ce dala miliyan 4.5 da aka ci Jami'ar Jihar Michigan a 2019.