Sulallan zinaren gwamnati da faya-fayen kamfanoni: inda bambancin yake

A kasuwar zinare da azurfa akwai kaya iri biyu da ido ba ya saurin rarrabewa. Dukansu kewayayyu ne, an zana musu hoto, an kuma rubuta nauyinsu da tsarkin ƙarfensu. Na farko sulalla ne da masana'antar buga kuɗi ta gwamnati take fitarwa, na biyu kuwa faya-faye ne da kamfanoni masu zaman kansu suke bugawa. Ana auna su da oza ta musamman ta ƙarafa masu daraja, wadda take daidai da giram 31.1.

Afirka ta Kudu ce ta fara buɗe wannan kasuwa ta zamani a shekarar 1967, da sulen Krugerrand, domin ta sayar wa duniya zinarenta ta hannun ɗaiɗaikun mutane. Karat 22 ne, an gauraya shi da jan ƙarfe don ya jure goga, amma zinaren da ke cikinsa oza ɗaya ce cif. Kanada ta biyo baya da Maple Leaf a 1979. A 1985 Amurka ta haramta shigo da Krugerrand saboda mulkin wariyar launin fata, shekara guda bayan nan ta fitar da nata, American Eagle. Birtaniya ta shigo da Britannia a 1987. Tun daga tushe ke nan, siyasa ba ta rabu da wannan fatauci ba.

Abin da sulen gwamnati ya ɗara faifan kamfani da shi shi ne doka. Halastaccen kuɗi ne, gwamnati ce ta lamunce nauyinsa da tsarkinsa, kuma yin jabunsa laifi ne na jabun kuɗi. Darajar da aka rubuta masa ta jeka-na-yi-ka ce: American Eagle na oza ɗaya dala 50 aka rubuta masa, alhali zinarensa ya haura dala dubu. Amma rubutun yana da amfaninsa, domin a Birtaniya mazaunin ƙasar da ya sayar da Britannia ba ya biyan harajin ribar kadara, kasancewar kuɗin ƙasa ne.

Faifan kamfani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jarinsa kaɗai sunan wanda ya buga shi. Sai dai ya fi araha, saboda ƙarin da ake ɗorawa a kan farashin ƙarfen bai kai na sulen gwamnati ba, abin da ya sa masu tara azurfa suke rububinsa. Ba lalle ba ne kuma ya gaza inganci. Kamfanin Sunshine Minting, mai buga irin waɗannan faya-faye, ya daɗe yana sayar wa masana'antar kuɗin Amurka fallayen azurfar da take buga nata sulallan a kai. Matsalar tana fitowa ne ranar sayarwa. Dillali ya san Krugerrand da gani, yana da awon faɗinsa da kaurinsa, faifan da bai san maƙerarsa ba kuwa sai ya gwada, ko ya rage farashi. Yana da hujja, tunda masu jabu suna lulluɓe ƙarfen tungsten da zinare, ga shi nauyinsu kusan ɗaya.

Iyakar da ke tsakanin biyun ba ta wasa ba ce. A 1998 Bernard von NotHaus ya fara fitar da faya-fayen azurfa da ya kira Liberty Dollar, ya rubuta musu darajar dala, ya ƙarfafa mutane su yi ciniki da su. Hukumar FBI ta kai samame ofishinsa a 2007, kotun tarayya ta same shi da laifi a 2011. Azurfar ta gaskiya ce. Laifinsa shi ne kwaikwayon kuɗin ƙasa, hurumin da gwamnati ba ta yarda a raba da ita ba.

Gwamnatoci ma suna amfani da sulallan don biyan buƙatar kansu. A Yulin 2022, lokacin da hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin Zimbabuwe, babban bankin ƙasar ya fitar da sulen zinare mai suna Mosi-oa-Tunya, kowanne da lambarsa, domin ya janye hankalin jama'a daga dalar Amurka. Babban bankin Ghana ya yi makamancin haka a 2024. Sai dai sulen oza guda ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, wanda shi ne faɗuwar kuɗin ta fi yi wa illa.