Garken Gado da Bijimin Kasuwa: Tarihin Son Ƙwallo a Sudan da Amurka

Ga abin da muka kawo muku a shirin tarihi na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su, ko suna daji da bisashe, ko suna bisa hanya tsakanin Gadarif da Galabat.

Tun da aka bai wa Amurka da Kanada da Meksiko ɗaukar nauyin Gasar Kofin Duniya ta 2026, tambaya guda ke ta yawo a rumfunan shayi na Simsim: wai su Amurkawan nan, sun ma san ƙwallo kuwa? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma kafin mu je Amurka, bari mu fara daga gida, don sai mutum ya san yadda son ƙwallo ya shiga jininsa kafin ya auna na wani.

Makiyayi ya san bambancin dabbar da aka haifa a garke da wadda aka sayo a kasuwa. Ta gida ta san kira, ta san hanyar mashaya. Ta kasuwa kuwa, komai kyanta, sai an daɗe ana ɗaure ta kafin ta zauna. Tarihin ƙasashen nan biyu a harkar ƙwallo haka yake.

Yadda tamaula ta zauna a Sudan

Sojojin Ingila ne suka shigo da wasan bayan yaƙin Karari na 1898. Daga bariki ya shiga makarantu, musamman Kwalejin Gordon da aka buɗe a Kartum a 1902, ya kuma bi ma'aikatan jirgin ƙasa zuwa garuruwa irin su Atbara. To amma ba a hannun Turawa ya tsaya ba. Samarin unguwannin Umdurman ne suka ɗauke shi suka mai da shi nasu. Ƙungiyar da ta taso daga unguwar Masalma ita ce ta ɗauki sunan Merrikh a 1927, sannan wasu matasa 'yan boko suka kafa Hilal a 1930. A zamanin da Bature ke sa ido a kan duk wani taron 'yan ƙasa, kulob ɗin ƙwallo ya zama wurin da ake haɗuwa, a yi hira, a san juna.

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan a 1936, ta shiga FIFA a 1948, tun ƙasar ba ta sami 'yanci ba. Rediyon Umdurman kuma ya fara aiki a 1940. A nan ne mu mutanen karkara muka shigo cikin labarin. Wanda bai taɓa taka Umdurman ba, yana gonar riɗi ko yana bayan shanu, sai ga shi ya san sunayen 'yan wasa kamar 'ya'yan maƙwabcinsa. Hausawa da Fulanin da suka zauna a Mai Wurno da bakin kogin Rahad da Gadarif ba a bar su a baya ba. Ka je kowace unguwa tamu, za ka tarar da gida ɗaya an rabu biyu: wa na shuɗi, ƙane na ja. Filayen ƙungiyoyin biyu ma maƙwabtan juna ne a Umdurman, titin Arda ne tsakaninsu.

A watan Fabrairun 1957, a Kartum, ƙasashe huɗu suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu. A nan aka buga Kofin Afirka na farko a cikin watan. An cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare, Masar ta ɗauki kofin. 'Yan kasuwarmu masu ƙetarawa Matamma su lura: ƙasashen nan biyu da iyakar Galabat ta raba suna cikin iyayen ƙwallon Afirka. Habasha ta ci kofin a gida a 1962. Likitan nan ɗan Sudan, Dakta Abdulhalim Muhammad, ya shugabanci CAF daga 1968 zuwa 1972, sai Yidnekachew Tessema na Habasha ya karɓa daga hannunsa ya riƙe har 1987.

Sudan ta zo ta biyu a 1959 da 1963. Sai 1970, aka kawo gasar Kartum da Madani. Ta doke Masar da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma yi wa Gana ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe, Hasabu Sagir ne ya zura ƙwallon. Dattawan da suka ji wasan nan a rediyo har gobe suna iya gaya maka inda suke zaune a ranar.

Ga wani abu da ya kamata a riƙe. A 1976 Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe kulob-kulob, ya ce za a koma abin da ya kira wasan jama'a. Manyan 'yan wasa da dama suka fice zuwa ƙasashen Larabawa. Dokar ba ta daɗe ba aka janye ta, don mutane ba su yarda sun daina zama 'yan Hilal ko 'yan Merrikh ba. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Daga 1976, Sudan ba ta sake leƙa Kofin Afirka ba sai 2008, shekara 32 ke nan. Hukuma ta iya raunana ƙwallon, amma son ya gagare ta.

Duk da haka kulob-kulob ɗin sun miƙe. Merrikh ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1989, kuma ƙungiyar Najeriya ta doke a wasan ƙarshe, wato Bendel United. Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka fara sayo 'yan wasa daga waje, Najeriya na gaba-gaba. Kelechi Osunwa ya buga wa Hilal, daga baya ya ƙetara titi ya koma Merrikh. Stephen Worgu ya zo Merrikh daga Enyimba bayan ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar zakarun Afirka ta 2008. Endurance Idahor kuwa a filin Merrikh ya faɗi ana tsakar wasa a watan Maris na 2010, ya riga mu gidan gaskiya, Umdurman ta yi makokinsa kamar ɗan gari. Waɗannan baƙi garke suka tarar a kafe, suka shiga cikinsa.

Amurka: an fara da sayen bijimi

A can abin ya sha bamban. Ba wai ba su san wasan ba ne. Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na farko a 1930, kuma a 1950 ta ba duniya mamaki da ta doke Ingila da ci ɗaya da nema a Birazil. Amma a gida kusan ba wanda ya kula. Zukatan jama'a sun riga sun tafi wasu wasannin: ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a sheƙa da ita, da wasan dukan 'yar ƙwallo da sanda, da ƙwallon kwando. A wannan na ƙarshen ne ma ɗan makiyayan Dinka, Manute Bol, ya yi suna tun daga 1985. Ƙwallon ƙafa kuwa ana yi mata kallon wasan baƙi 'yan ci-rani.

Sai attajirai suka ce kuɗi za su gyara. An kafa gasar ƙwararru ta NASL a 1968, kuma a 1975 ƙungiyar Cosmos ta birnin New York ta ɗauko Pele da kansa, daga baya ta ƙara da Beckenbauer na Jamus. Jama'a suka yi ca, ranar wasan ban-kwanan Pele a 1977 sama da mutum 70,000 ne suka cika fili. To amma Pele suka zo kallo, ƙungiyar ba ta dame su ba. Da taurari suka tsufa suka tafi, sai filaye suka koma wayam, asara ta yi yawa, gasar ta mutu bayan kakar 1984. Ai duk makiyayi zai gaya musu: ka tara bijimai goma na kasuwa, in babu shanun haihuwa ba ka da garke.

Abin da ya cece su a hankali ya zo, ba da hayaniya ba. A shekarun nan iyaye sun yi ta kai 'ya'yansu ƙanana wasan ƙwallo a unguwanni da makarantu. Wata doka ta 1972 ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, sai 'yan mata suka shiga wasan da yawa. Tawagar matan Amurka ta ci Kofin Duniya sau huɗu, a 1991 da 1999 da 2015 da 2019, kuma wasan ƙarshe na 1999 ya tara 'yan kallo sama da 90,000. Ga kuma miliyoyin mutanen da suka yi ƙaura daga Meksiko da sauran ƙasashen kudu, da na Afirka, kowa ya zo da son ƙwallonsa daga gida.

A 1994 Amurka ta ɗauki nauyin Kofin Duniya, kusan mutum miliyan 3.6 suka shiga kallon wasanni 52. Mu ma ba mu manta da gasar ba, don ita ce ta farko ga Najeriya. Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a Dallas ya riƙe raga yana kuka, Daniel Amokachi ɗan Kaduna ya ƙara, aka tashi 3 da nema. Sharaɗin da FIFA ta gindaya shi ne a kafa sabuwar gasar ƙwararru, sai MLS ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10. Wannan karon an yi hattara: aka ƙayyade albashi, aka gina filaye daidai wa daida, aka buɗe makarantun horar da yara. Shekarun farko an sha asara, har aka rufe ƙungiyoyi biyu, amma ba a fasa ba. Da David Beckham ya zo Los Angeles a 2007, da Lionel Messi ya zo Miami a 2023, sun tarar da gasa a tsaye da ƙafafunta. A 2025 ƙungiyoyinta sun kai 30, kuma a birane irin su Seattle da Atlanta dubban magoya baya na cika fili ko da tauraro ko babu.

Amsar tambayar rumfar shayi ke nan. I, sun san ƙwallo yanzu, ko da yake har yau ba ita ce ta ɗaya a zukatansu ba. Kuma sai da yaran da aka fara kai wa fili suka girma suka kai nasu 'ya'yan, sannan abin ya kama ƙasa.

Garke ba makiyaya

Mu dawo gida. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da gasar Sudan, ya rufe filayen Umdurman. Gadarif ta cika da 'yan'uwa da suka gudo daga Kartum da Madani. Hilal da Merrikh su ma suka shiga gudun hijira: kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Moritaniya suka buga ta, Hilal ta zo ta ɗaya, a kakar da ta biyo baya kuma suka koma Ruwanda. Wanda ya taɓa kora shanu zuwa ƙasar da ba tasa ba saboda fari ya san ɗacin wannan.

Tawagar ƙasa ma ba ta da gida. A ƙarƙashin mai horarwa ɗan Gana, Kwesi Appiah, ta karɓi baƙuncin Gana a Bengazi ta Libiya a Oktoban 2024, ta ci ta 2 da nema. Nijar ta lallasa ta da ci 4 wata guda bayan haka, amma duk da haka Sudan ce ta sami gurbin Kofin Afirka na 2025, Gana ta zauna a gida. A watan Agustan 2025, a gasar 'yan wasan cikin gida, Sudan ta yi wa Najeriya ci 4 da nema a Zanzibar. A ranar, Bahaushen Sudan ya rasa inda zai sa kansa: ya yi murna ne, ko ya yi wa dangi jaje?

Wannan duk albarkacin garken gado ne, amma gado ma yana ƙarewa in ba a kula ba. Ku dubi gidajen kallo na kasuwanninmu. Yaro ɗan shekara goma ya haddace 'yan wasan Real Madrid da Barcelona, amma ka tambaye shi waye Jaksa ko Ali Gagarin, gwanayen Hilal na zamanin kofin 1970, sai ya zuba maka ido. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganin ƙungiyarsa tana wasa a ƙasarsa ba. In shekaru suka yi ta tafiya a haka, za mu wayi gari da masu kallo fal, magoya baya babu, kamar dai Amurka a zamanin Pele.

Maganin ba sai an jira gwamnati ba. Filin da yara ke wasa a bayan kasuwa, kada a yanka shi a yi rumbun ajiyar riɗi. Ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a wannan kaka, ƙwallo guda da riguna goma sha ɗaya ba za su karya jarinsa ba. In an gama girbi, ƙauyuka su haɗa wasa, a gayyaci samarin ruga, don manomi da makiyayin da suka buga a ƙungiya ɗaya ba sa saurin zaro wa juna sanda a bakin gona. Dattijo kuma, in Hilal ko Merrikh na wasa, ya jawo jikansa kusa da rediyo ya ba shi labarin 1970.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da ƙungiyoyin nan biyu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.