Sanƙarau Mai Dawowa: Daga Mollaret Zuwa Yau

Har yau likitoci ba su gama gardama kan wanda za a ce yana da sanƙarau irin na Mollaret ba. Wasu na so a keɓe sunan ga majinyatan da aka rasa musabbabin ciwonsu, wasu kuma na haɗawa da waɗanda aka samu bairas ɗin harfis a jikinsu.

Ciwon ya sha bamban da sanƙarau na bakteriya mai kisa lokacin zafi. Yakan zo da zazzaɓi, ciwon kai, sanƙarewar wuya da gudun haske, ya lafa da kansa cikin 'yan kwanaki, sannan ya dawo bayan watanni ko shekaru.

A da can babu hanyar bambance shi, sai da Heinrich Quincke na Jamus ya fito da dabarar zuƙo ruwan laka a 1891. A 1944 ne likitan Faransa Pierre Mollaret ya bayyana majinyata uku masu wannan larura. Ya ga wasu manyan ƙwayoyin halitta masu saurin fashewa a ruwan lakarsu, amma bai gano sanadin ba.

Aka shafe kusan rabin ƙarni ana laluben duhu. An zargi ƙullutun da ke tsiyaya kusa da ƙwaƙwalwa, da magunguna irin su ibuprofen, da cutar Behçet. Duk suna iya jawo sanƙarau mai maimaituwa, sai dai a ganina ba su ne tushen yawancinsa ba. Gwajin PCR mai gano bairas ne ya raba gardama kan sanadin. A 1994 Tedder da abokan aikinsa suka gwada majinyata 13, suka samu harfis a ruwan lakar 11, goma daga cikinsu nau'in HSV-2 mai fito da ƙuraje a al'aura. Bairas ɗin kan laɓe a jijiyoyin gindin baya, ya farfaɗo jefi-jefi, sau da yawa ba tare da ƙurji ko ɗaya ba.

Gano sanadi bai kawo rigakafi ba. A binciken da masanan Suwidin suka wallafa a 2012, shan maganin valacyclovir kullum tsawon shekara bai hana ciwon dawowa ba, hasali ma ya ƙaru bayan an daina sha. Wannan giɓin ya fi gardamar suna cancantar lokacin likitoci.