Digirin Digirgir A Fannin Wasan Kwaikwayo, Kiɗa Da Rawa: Mene Ne Shi, Kuma Ta Ina Ake Bi?

Idan yaro ya ce wa mahaifinsa a kara zai karanta Theatre Arts a jami'a, abu biyu kan faru. Ko dai tsohon ya ji kalmar tiyata ya ɗauka aikin asibiti ne, ya yi ta murna, ko kuma a fassara masa cewa wasan kwaikwayo ne da kiɗa da rawa, nan take fuska ta sauya. To balle a ce har digirin digirgir ake yi a kai. Ana yi kuwa, kuma manyan jami'o'in da ke koyar da shi da yawansu a nan Kudu suke, kusa da unguwanninmu.

Mene ne wannan digiri?

Digirin digirgir shi ne digiri na uku, wanda idan mutum ya kammala ake kiran sa Dokta. A wannan mataki ba koyon taka rawa ko fitowa a fim ake yi ba, wannan tun a digirin farko ake gama shi. Nan bincike ne zalla. Ɗalibi zai ɗauki tambaya guda wadda ba a taɓa amsa ta yadda ya kamata ba, ya bi ta shekara da shekaru, ya rubuta kundi, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta.

Akwai bambanci tsakaninsa da digirin girmamawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shi ya sa ake ce masa Dokta. Wannan karramawa ce saboda aikin da ya yi a rayuwarsa. Shi kuwa Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, bincike ya yi a kan Shatan kansa, ya samu digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Ɗaya ya yi waƙar, ɗaya ya zauna ya nazarce ta. Irin na biyun muke magana a kai.

Ina ake yin sa?

Uwar wannan fanni a Najeriya ita ce Jami'ar Badun. A farkon shekarun 1960 aka buɗe makarantar wasan kwaikwayo a can, ta zama cikakken sashe a 1970. Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, ya taɓa shugabantar ta. A can ne Joel Adedeji ya kammala digirinsa na uku a 1969, a kan Alarinjo, wato tsohon wasan Yarabawa na masu yawo gari-gari. Ka ga tun daga tushe, abin gargajiya na gida aka fara ɗauka da daraja.

Ban da Badun, akwai sashen a jami'o'in Ife, Legas, Binin, Fatakwal, Kalaba da Nsukka. A Ilorin akwai sashen Performing Arts da ya haɗa wasa da kiɗa da rawa wuri guda. A Arewa kuma akwai Zariya, Jos da Bayero ta Kano. Zariya ta yi suna tun tsakiyar shekarun 1970 wajen kai wasan kwaikwayo cikin ƙauyuka don manoma su tattauna matsalolinsu, kuma dandalin wasanta ma da ƙasa aka gina shi, ginin Hausawa.

Sunan sashen yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba da kyau kafin a sayi fom. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga waƙar baka, yana iya bi ta sashen Hausa, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi nasa a kan waƙoƙin makaɗan fada.

Matakan da ake hawa

Ba a tsallen baɗake a wannan hanya. Ga yadda take:

1. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci. Nan ne yaranmu da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara, domin ba su ɗauki adabi a sakandare ba.
2. Jarrabawar JAMB, sai digirin farko na shekara 4.
3. Bautar ƙasa ta shekara 1, ko takardar yafewa. Jami'o'i na neman ta kafin karatun gaba.
4. Digiri na biyu, shekara 1 da rabi zuwa 2. Sakamakonsa shi ne mabuɗi. A Badun ana son maki 60 cikin 100 kafin a wuce kai tsaye zuwa digiri na uku. Jami'o'i da yawa kuma na auna shi da 3.5 cikin 5.
5. Digiri na uku, mafi ƙaranci shekara 3 ga wanda ya ba karatun dukkan lokacinsa. Mai haɗawa da aiki ko kasuwa ya fi haka.

Idan aka haɗa lissafi, daga gama sakandare zuwa Dokta kusan shekara 10 ke nan, in komai ya tafi daidai. Ba kullum yake tafiya daidai ba. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye.

Yadda aikin yake gudana

Da farko za a haɗa ka da malamin da zai duba aikinka. Wannan mutumin kamar maigidanka ne a kara: in kun fahimci juna, tafiya ta yi sauƙi, in ba haka ba sai ka yi ta jiran babi ɗaya wata da watanni. Shi ya sa masu wayo ke karanta rubuce-rubucen malaman sashe tukuna, su san wanda fanninsa ya zo daidai da nasu.

Daga nan sai ka rubuta takardar ƙudurin bincike: me za ka bincika, me aka riga aka rubuta a kai, wane giɓi aka bari, kuma ta yaya za ka cike shi. Za ka gabatar da ita gaban malaman sashe su yi mata kaca-kaca, ka koma ka gyara. In ta wuce, sai fita fage: zama da makaɗa, halartar bukukuwa, naɗar murya da bidiyo da izinin masu abin, rubuta kalmomin waƙa, fassara su. Sai rubutun kundi babi-babi. Ana saka kundin a manhajar da ke gano satar rubutu, kuma jami'o'i da dama na son ka buga maƙala a mujallar ilimi kafin ka gama. A ƙarshe sai a gayyato farfesa daga wata jami'a ya yi maka tambayoyi baki da baki. In ka tsallake, shi ke nan.

Maganar kuɗi

Kuɗin makaranta ba shi ne ya fi cin aljihu ba. Kuɗin mota zuwa fage, na'urar naɗar murya, ɗan abin hasafi ga tsofaffin da za su ba ka lokacinsu, buga kundi da halartar taro, su ne ke tara nauyi. Hukumar TETFund na ɗaukar nauyin karatu, amma na malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati ne. Masu son fita waje kan nemi tallafin Commonwealth na Ingila, Fulbright na Amurka ko DAAD na Jamus, kuma takarar na da zafi.

Me ya shafe mu?

Nan ne maganar take. A farkon shekarun 1960 wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo Badun, ya nazarci cinikin shanu da goro na kakanninmu, littafinsa ya fito a 1969. Har yau duk mai son sanin Hausawan Kudu sai ya buɗe shi. Baƙo ne ya rubuta mu, alhali ɗan Sabo ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri yana jin Hausa, yana jin Yarabanci ko Ibo, yana jin burokin, kuma tsofaffi za su faɗa masa abin da ba za su faɗa wa baƙo ba.

Abin bincike kuwa ga shi nan a ƙofar gida. Kalangun mahauta da kirarin 'yan dambe a filayen Legas. Tashen yara a watan azumi, da yadda yake sauyawa a bakin yaran da aka haifa a Kudu. Yadda goge ya zauna daram a kiɗan Sakara na Yarabawa a hannun irin su Yusuf Olatunji. Dangantakar kalangu da gangan. Ko yadda finafinan Kudu ke nuna Bahaushe, kullum maigadi ne ko mai wankin takalmi da gurguwar magana. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa kundi. Kuma masu riƙe da wannan ilimi a ka tsufa suke yi. Makaɗi ɗaya in ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, an tafi da taken gidaje da yawa.

Bayan an gama fa?

Mafi yawa koyarwa suke yi a jami'a ko kwalejin ilimi, domin yanzu da wuya malamin jami'a ya yi nisa a matsayi babu wannan digiri. Wasu na aiki a hukumomin al'adu, gidajen rediyo da talabijin, harkar fim, ko ƙungiyoyin da ke amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kai kan lafiya da zaman lafiya. Ba hanyar kuɗin gaggawa ba ce, wanda ke neman wannan kasuwa ta fi masa.

Ga iyaye masu tsoron kada yaro ya lalace, a je sashen a gani da ido, a zauna da malaman a yi musu tambaya. Ga ƙannenmu da ke sakandare kuma, matakin farko ƙarami ne: kada a yar da darasin adabi. Wanda ya riga ya yi digiri na biyu, ya fara da wayar da ke hannunsa, ya je ya gaida tsohon makaɗin unguwa, ya nemi izini ya naɗa. Allah Ya ba da sa'a.