Takardar fita ta zamanin korona: wa ke da alhakin ba da ita?

Jama'a, da yawa daga cikinmu mun soma manta ranar Juma'a 27 ga Maris 2020, ranar da shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya yi mana jawabi kan cutar korona. Kwana takwas ke nan da samun mutum na farko mai ɗauke da ita a Yamai. Ya kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya a duk faɗin ƙasa, ya hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, sannan daga 29 ga wata aka killace birnin, ba shiga ba fita. Kafin nan an riga an rufe makarantu da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da kan iyakoki, ban da motocin kaya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne rufe masallatai, da tarzomar Mirriya, da tayoyin da aka ƙona a unguwannin Yamai gab da azumi. Amma akwai wata magana ƙarama da ba mu taɓa zama mun tattauna ba, ita ce ta takarda. Duk dokar da ta ce kowa ya zauna gida, tilas ta ware waɗanda in suka zauna gari zai tsaya. To, in ɗan sanda ya tare mutum ƙarfe 3 na dare, da me zai gane cewa wannan yana cikinsu?

Ga ma'aikacin asibiti ko na kamfanin wuta da na ruwa, abin da sauƙi. Yana da katin aiki mai hotonsa, yana da shugaban da zai rubuta masa takardar izini ya buga tambari. Amma mu duba su wa suka riƙe garin da gaske. Mai gasa burodi tsakar dare yake hura wuta, in ba haka ba babu burodin mai shayi da safe. Mahauci kafin asuba yake kama hanyar mayanka. Ɗan ga-ruwa, mai gadin shago, ɗan dako da ke jiran motar albasar Galmi, ɗan kabu-kabu da maƙwabta ke buga wa ƙofa in naƙuda ta kama mace da dare: waɗannan ba su da ofis, ba su da darakta, wasu ko katin ɗan ƙasa ba su riƙe ba. Doka ta san likita, amma ba ta san wanda zai kai mai haihuwa wurin likitan ba. Sai ya zama hukunci ya koma hannun wanda ke tsaye a shinge, in ya ga dama ya yi uzuri, in bai ga dama ba a kwana a can. Shi ma wallahi ba laifinsa ne duka ba, an ba shi umarni ba a ba shi ma'auni ba.

Wannan takarda ba baƙuwa ba ce gare mu. A zamanin mulkin Faransa, ƙarƙashin dokar da ake hukunta talaka da ita ba tare da shari'a ba, wadda sai a 1946 aka soke ta tare da aikin tilas, kakanninmu kan nemi takardar wucewa daga kwamanda kafin su yi nisa da yankinsu. Tun daga can muka gaji tunanin cewa takardar izini alfarma ce da babba ke yi wa ƙarami, a je a durƙusa a roƙa. A namu ganin, lokacin annoba abin ya juye. Hukuma ce ke bukatar mai burodi ya fito, don haka ita ya kamata ta neme shi ta miƙa masa takarda, kyauta.

Faransar ita kanta, daga 17 ga Maris 2020, ta ɗora nauyin a kan mutane: kowa ya cike takardarsa da kansa, mai aiki kuma ubangidansa ya sa masa hannu, wanda aka kama babu ita ya biya tarar yuro 135, kusan jaka 89 namu. Wannan tsari ne na ƙasar da kusan kowa ya iya karatu kuma yawancin ma'aikata a rubuce suke. A kwaso shi a dasa a Kasuwar Dole ta Damagaram, ai ba zai kama ba.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga inda abin ke kaiwa. Gwamnatin Buhari ta faɗa da baki cewa ma'aikatan lafiya da 'yan jarida ba sa cikin dokar hana fitar dare. Duk da haka, a daren 19 ga Mayu 2020 'yan sanda suka tsare da dama daga cikinsu a Legas. Washegari ƙungiyar likitocin jihar ta ce wa mambobinta su zauna gida, tunda hukuma ɗaya ta ce su fito wata kuma tana kama su. Sai da aka sake ba 'yan sanda umarni a fili sannan suka koma aiki. Su likitoci suna da ƙungiyar da za ta ɗaga murya a ji ta har Abuja. Ɗan ga-ruwa fa?

Mutanen Difa sun riga mu ɗanɗanawa. Tun Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Difa, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi. Dalilin tsaro ne, ba mai musu. Sai dai babur ɗin da maharin ke hawa, shi ne kuma motar asibitin ƙauye, kuma dokar da aka sa don 'yan kwanaki ta yi ta sabuntuwa shekara da shekaru.

A Yamai abin bai daɗe haka ba. Da azumi ya zo aka sassauta lokacin hana fita, ranar 13 ga Mayu aka ɗage shi aka buɗe masallatai da majami'u, 15 ga wata aka buɗe hanyoyin birnin. Muka yi hamdala, kowa ya koma harkarsa. Ga shi kuwa muna da waɗanda suka san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya: masu unguwanni, sarkin fawa, sarkin kasuwa, shugabannin tasha, ofishin magajin gari. Jerin sunaye da kati mai lamba wanda jandarma da ɗan sanda duk suka san kamanninsa, aiki ne na lokacin zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekara uku bayan nan, a daren 26 ga Yuli 2023, aka sake sanar da hana fita, wannan karon daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, a duk ƙasa. Mai gasa burodi a Maraɗi da Tawa ya ji sanarwar, ya dubi ƙullinsa da ya riga ya kwaɓa.