Daga Ceres Zuwa Bakan Haske

A nazarina, tarihin awo tarihi ne na koyon zama da kuskure, domin babu ma'aunin da ba ya kaucewa ko da ƙiris.

Ranar 1 ga Janairu, 1801, Piazzi ya hango ƙaramar duniyar nan Ceres daga Palermo, ba a jima ba hasken rana ya ɓoye ta. Da ɗan awon da aka samu, Gauss ya lissafa hanyarta, aka kuwa sake ganinta kusa da inda ya nuna. Legendre ne ya fara wallafa dabarar daidaita irin wannan awo a 1805, ko da yake Gauss ya ce tun 1795 yake amfani da ita: a auna tazarar kowane awo daga layin da ake zato, a riɓanya ta da kanta, a tara, a zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta.

Bakan haske, wato launukan da haske ke rarrabuwa zuwa gare su kamar bakan gizo, ya fi wuya. Layukan da Fraunhofer ya nazarta a hasken rana a 1814, waɗanda daga baya aka gane alamun sinadarai ne, sukan hau kan juna, lissafinsu ba ya warwaruwa a zama ɗaya. Sai a fara da hasashe, a yi ta gyara. A 1944 Levenberg ya sa wa gyaran linzami don kada ya zarce, Marquardt ya kyautata shi a 1963.

Amma idan hasashen farko ya karkace, kwamfuta na iya tsayawa kan amsar da ba ita ba, a laƙa wa tauraro abin da ba nasa ba. Shi ya sa nake ganin har gobe hukunci yana wuyan mai awo.